A Bar Wa Rama da Lalo Iyakar Gona

A wannan makon ina so in yi magana a kan wasu tsirrai da muke takawa kullum a hanyar makaranta ba tare da mun kalle su ba. Su ne rama da lalo da yaɗiya da tafasa da gamba da kargo, da sauran 'yan uwansu da ke fitowa a iyakar gona da bakin burtali da gefen kududdufi. Ra'ayina shi ne waɗannan tsirrai suna raguwa a ƙauyukanmu, babu mai ƙirga su, kuma ya kamata mu bar musu wurin zama tun kafin mu neme su mu rasa.

Na san wani zai yi dariya ya ce, ciyawa ce fa. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sannan a yanke hukunci.

Me suke yi mana?

Mu fara da rama. Kowa ya san kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, amma ba kowa ne a cikinmu ya san cewa da ita kakanninmu suke yin igiya ba. Idan rama ta ƙosa sai a sare karanta, a ɗaure shi dami-dami, a jiƙa a kududdufi kwana da kwanaki har ɓawon ya saki. Daga nan sai a saɓule shi, a wanke, a shanya, sannan a zauna a inuwa a tufka. Da wannan igiya ake ɗaure damin gero da dawa, da ita ake ɗaure akuya a turke, da ita ake ɗinke zana da jinka. Tsiro ɗaya ne, ganyensa ya shiga akushi, ɓawonsa ya zama igiya, sauran karan kuma a hura wuta da shi.

Lalo kuwa ba ya jiran a shuka shi. Da ruwan sama ya zauna sai ya fito da kansa, iyayenmu mata su tsinko, a yi miyar yauƙi, a shanya saura a ajiye don rani. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne buhun algarara daga dangin lalo ake yin sa. A ƙasashen Indiya da Bangaladash noma shi ake yi gona-gona saboda ɓawonsa, a saƙa buhuna a sayar wa duniya. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, wadda muke gani a hotunan littafin tarihi, da irin waɗannan buhuna aka gina ta. Ashe abin da muke kira ciyawa, a wata ƙasa masana'anta ake gina masa.

Masana tsirrai sun ce rama da lalo da yakuwa da kuɓewa da auduga duk dangi ɗaya ne. Idan ka dubi furen rama ka dubi na kuɓewa za ka ga kamar wa da ƙani. Wannan dangi ne ya ciyar da mu ya kuma tufatar da mu.

Gamba ita ce zana da rufin rumbu, kuma idan tana kan iyaka saiwarta tana riƙe ƙasa, ruwa ba ya kwashe ta. Ɓawon kargo ana ɗaure itace da shinge da shi, 'ya'yansa kuma dabbobi suna ci. Kabar goriba ita ce tabarma da faifai da malafa. Yaɗiya da tafasa kuwa su ne kwaɗon talaka, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Duk wanda ya tambayi tsofaffin garinsu yadda aka yi a farin 1973 da na 1984 zai ji sunayen ganyayyakin nan a cikin amsar. A shekarun da gero ya ƙi, su ne suka taimaka wa gidaje da yawa har aka ga wata damina.

Ina suke zama?

Kowane tsiro yana da mazauninsa, kamar yadda kowane mutum yake da gidansu. A darasin kimiyya an koya mana cewa idan aka rushe mazauni, abin da ke cikinsa ma ya tafi. To, ina mazaunin waɗannan tsirrai a yankinmu?

Mu nan arewacin Kano ba mu da daji. Daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Kunci zuwa Tsanyawa da Makoɗa, gona ce take bin gona. Wani masani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya daɗe yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano. Tun a shekarun 1960 ya rubuta cewa mafi yawan ƙasar wannan yanki ana noma ta duk shekara, ba a barin ta ta huta. Ya kuma yaba wa manomanmu, domin ya ga suna raya ƙasa da takin dabbobi, suna kuma barin itatuwa masu amfani a cikin gonakinsu. Tun daga wancan lokaci jama'a sai ƙaruwa take yi. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da miliyan 9 a Jihar Kano, kuma mu da muke aji yanzu ba a haife mu ba a lokacin.

Tunda babu daji, tsirran da ke fitowa da kansu wurare kaɗan suka rage musu: iyaka tsakanin gona da gona, gefen burtali, bakin kududdufi da fadama, ƙarƙashin shingen aguwa, da maƙabarta. Waɗannan 'yan siraran wurare su ne dajinmu. Idan suka tafi, babu inda tsirran za su gudu.

Me yake cinye su?

Abu na farko shi ne ƙarancin ƙasa. Gonar da mutum ɗaya ya noma a da, yau an raba ta gado tsakanin 'ya'yansa, gobe a raba tsakanin jikoki. Kowa yana so ya ƙara kunya ɗaya, sai iyaka ta yi ta sirancewa har ta koma kamar zare. Burtali ma haka yake matsewa, abin da ke jawo rigima tsakanin manoma da makiyaya. Fadamun da ke kusa da madatsun ruwa irin su Watari da Tomas sun koma noman rani, wanda alheri ne babba, amma ciyayin bakin ruwa sun rasa wurinsu.

Na biyu shi ne maganin feshi. Yanzu da wuya ka bi hanyar gona a farkon damina ba ka ga mutum goye da tankin feshi ba. Maganin ba ya tambaya wane ne ƙaya wane ne lalo, duk abin da ya taɓa sai ya ƙone. Mai fartanya idan ya zo kan lalo ko rama yana iya tsallake su, domin ya san uwargida za ta nema. Feshi ba shi da wannan ido. Kuma da yawa ba sa tsayawa a cikin gona, har iyaka da bakin hanya suke bi. Lalo da rama da tafasa daga ƙwaya suke fitowa duk shekara. Idan aka kashe su kafin su zubar da iri bana, aka sake baɗi, aka sake baɗin-baɗaɗa, irin da ke ɓoye a cikin ƙasa zai yi ta raguwa har ya ƙare.

Na uku shi ne mantuwa. Igiyar roba da buhun leda sun cika kasuwa, saboda haka mutane sun daina shuka rama don igiya. Abin da aka daina amfani da shi ana daina kula da shi, daga nan sai a manta sunansa. Na gwada tambayar 'yan ajinmu wa ya iya tufka igiya. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su da yawa, kuma kusan dukkansu wajen kaka suka koya. Wasu ba sa bambanta rama da yakuwa sai an dafa. Idan waɗannan kakanni suka koma ga Allah, wa zai nuna mana?

Babu mai ƙirga su

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai suna IUCN da ke ajiye kundin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa. Ana kiransa Jan Kundi, an kuma fara shi a 1964. A ciki ana rarraba halittu mataki-mataki, daga waɗanda babu damuwa a kansu, zuwa masu rauni, zuwa waɗanda ke cikin haɗari, har zuwa waɗanda suka ƙare gaba ɗaya. Akwai itatuwan ƙasar Hausa a ciki. Kaɗanya da maɗaci suna matakin masu rauni. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana kai katakonta ƙasar Sin, tana matakin masu haɗari. A 2020 kuma masanan lambun tsirrai na Kew da ke Ingila sun fitar da rahoto cewa biyu cikin kowane biyar na nau'o'in tsirran duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Gaskiya ita ce rama da lalo ba su kusa ƙarewa a duniya ba, domin ana samun su a ƙasashe da yawa. Amma Jan Kundi duniya yake dubawa, ba ya duba ƙauyenmu. Tsiro zai iya ɓacewa daga ƙaramar hukuma guda, kundin kuma ya ci gaba da cewa lafiya lau. Idan lalo ya ƙare a bayan gidanmu, wanda ke Indiya ba zai kaɗa mana miya ba. Haka kuma ramar da ta shekara aru-aru tana fitowa a jigawarmu ta saba da zafinmu da ƙarancin ruwanmu. Idan wannan irin ya tafi, wanda za a kawo daga wani wuri ba lalle ne ya jure ba.

Bari in kawo misali daga nesa. Akwai wani tsiro da ake saƙa yadin lilin da zarensa, wanda Misirawan zamanin Fir'auna suke sawa suna kuma naɗe gawa da shi. Wannan tsiro yana da 'yan uwa na daji masu yawa. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗan fure rawaya, wanda masana ke kira Linum dolomiticum, ba ya fitowa ko'ina a duniya sai a kan wasu 'yan tuddai kusa da birnin Budafes na ƙasar Hungari. Ba a cin sa, ba a saƙa da shi. Duk da haka dokar ƙasar ta hana tsinkar sa, an kewaye wurin da shinge don kada namun daji su tattake shi, masana kuma suna zuwa suna duba yawansa. Idan mutane za su yi wa ɗan furen da ba ya ba su komai wannan hidima, me zai hana mu kula da tsirran da ke ba mu miya da igiya da rufin ɗaki?

Abin da manoma za su ce

Ni 'yar manomi ce, na kuma san amsar da iyayenmu za su bayar, kuma amsar tana da ƙarfi. Za su ce kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, matasa sun tafi birni, noman fartanya yana karya baya, feshi kuma yana gama aikin mako a yini ɗaya. Za su ce iyaka mai duhuwa maɓoyar macizai da ɓeraye ce. Za su ce igiyar roba ta fi arha kuma ba ta ruɓewa. Za su ce wanda gonarsa ba ta ciyar da gidansa ba zai bar ko taku ɗaya ga ciyawa ba.

Ban ce a daina feshi ba, ban kuma ce a koma zamanin da ba. Abin da nake roƙo ƙarami ne: a yi feshin a cikin gona, a tsallake iyaka. Wannan ma ragin kuɗin magani ne. Iyakar da ke da gamba da rama ba asara ba ce, domin da kaka za a yanke gambar a yi zana ko a sayar, a ci ganyen ramar, ƙasar gona kuma ba za ta bi ruwa ba. Maganar macizai kuwa, yankan ciyawar bayan ta zubar da iri ya wadatar, ba sai an ƙone ta tun tana jaririya ba. Igiyar roba kuma, gaskiya ne ba ta ruɓewa, kuma nan ne matsalarta take. Duk wanda ya taɓa ganin mahauci ya fasa tumbin akuya ya fito da dunƙulen leda ya san abin da nake nufi. Igiyar rama idan ta tsufa taki take zama.

Sannan babu wanda ya san abin da zai yi daraja gobe. A da yakuwa 'yar gefen gona ce, ana shuka ta a kan iyaka don miya. Yau zoɓo kaya ne da ake tarawa buhu-buhu a kasuwar Dawanau, ana fitar da shi har ƙasar Meziko, manoman Kano da Jigawa da Katsina suna samun kuɗi da shi. Da kakanninmu sun bar irinta ya ɓace, da me za a sayar yanzu?

Maƙwabtanmu sun gwada

Wani zai ce ai talaka ba ya iya kiyaye muhalli, wannan aikin gwamnati ne. Mu dubi Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, Hausawa 'yan uwanmu, waɗanda ruwan samansu bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa lokacin sassabe kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai manoma suka fara barin reshe ɗaya ko biyu a kowane kututture suna gyara shi, maimakon su sare duka. Suka kira abin sassaben zamani. Ba a sayo iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Bayan shekaru, masana sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo da kargo da sabara suka dawo saboda an daina kashe su kawai. Abin da ya yi wa itace aiki zai yi wa ƙananan tsirrai, domin su ma irinsu yana nan a ƙasa yana jira.

Abin da za mu iya yi a makarantar nan

Manyan ƙasashe suna da rumbunan ajiye iri. A ƙasar Nowe akwai wanda aka haƙa a cikin dutse mai ƙanƙara a tsibirin Svalbard, aka buɗe shi a 2008. A Ibadan cibiyar binciken noma ta IITA, wadda take da reshe a Kano, tana ajiye dubban nau'o'in wake. Mu ba mu da dutsen ƙanƙara, amma muna da fili a bayan azuzuwa, muna da kwalabe, muna da littafin rubutu. Ga shawarwarina.

Na ɗaya, ina roƙon shugaban makaranta ya ba mu ɗan fili a jikin katanga inda ba za a yi feshi ba, ba kuma za a share shi ranar tsabtace makaranta ba. Mu shuka rama da lalo da yaɗiya da gamba, mu kafa wa kowanne allo da sunansa na Hausa.

Na biyu, kowane ɗalibi ya je wajen kakarsa ko kakansa da biro da takarda, ya rubuto sunayen tsirrai goma da suka sani, da amfaninsu, da inda ake samun su, da waɗanda suka ce sun daina gani. Ƙungiyar 'yan jarida ta tattara, mu liƙa a wannan allo. Mu ɗalibai daga ƙauyuka daban-daban muke zuwa, don haka za mu sami hoton yankinmu gaba ɗaya. Wannan shi ne zai zama namu kundin.

Na uku, da kaka mu tara iri, mu shanya shi sosai, mu zuba a kwalabe masu murfi, mu rubuta sunan tsiron da ƙauyen da shekarar. Malamin aikin gona ya ajiye mana, da damina mu shuka rabi mu bar rabi.

Na huɗu, a gayyato dattijo ɗaya da ya iya tufka igiya da saƙa zana ya koya mana a lokacin darasin sana'a. Yini ɗaya ya isa mu fara, kuma na tabbata zai ji daɗi an nemi iliminsa.

Na biyar, mu yi wa iyayenmu magana cikin ladabi. Ba za mu koya wa Baba noma ba, ya fi mu sani nesa ba kusa ba. Amma za mu iya cewa, Baba, don Allah idan za a yi feshi a bar mana kan iyaka, Inna tana son lalon wurin. Ina jin babu uban da zai ƙi wannan.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Itace idan an sare shi kututture yana nuna inda yake, amma ƙaramin tsiro idan ya ɓace ba ya barin alama, sai dai wata rana a nemi na miya a ce a je kasuwa. Duk abin da na lissafa ba ya bukatar kuɗi, bukatarsa ɗan fili da kulawa. Ina fata malamanmu za su duba wannan roƙo kafin ruwan bana ya sauka, ku kuma 'yan uwana, idan an tashi yau, ku dubi gefen hanya ku ga nawa za ku iya kira da sunansu. Wanda ya sami abin da ban ambata ba, ya rubuto mana, za mu liƙa a fitowa ta gaba.



Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare, mamba a ƙungiyar 'yan jarida.